Takardarku Ba Ta Narke Ba, Rijiyarmu Ce Ta Lalace

Zuwa ga Alhaji,
Shugaban kamfanin da ke shigo da takardar shimfiɗawa a nafkin ɗin jarirai,
Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, ina neman afuwa da na kira ka Alhaji kawai ba tare da suna ba. Ba raini ba ne. Na juya ledar kayanku gaba da baya ban ga sunan mutum ba, sai hoton jariri yana dariya, da lambar waya wadda duk lokacin da aka kira sai a ce a kashe take. Shi ya sa na fito da maganar bainar jama'a, ko Allah zai sa wani da ya san ƙofar gidanka ya kai maka.

Sunana Hansatu. Malamar firamare ce ni da na ajiye alli, ina zaune a Birnin Kudu, a gidan da mijina marigayi Malam Sule ya bar mana. Ni ba mai son hayaniya ba ce, kuma da tsufana ban so a ce an ga sunana a jarida ana maganar masai ba. Amma tsoro ya fi ƙarfin kunya. Kafin ka kai ƙarshe za ka san dalili.

Na ɗaya, bari ka fara sanin rijiyar.

A tsakar gidanmu, daga ɓangaren gangare, akwai rijiya. Malam ne ya haƙa ta tun muna da ƙuruciyarmu. Duk wanda ya san ƙasar Birnin Kudu ya san haƙa rijiya a nan ba wasa ba ne, domin ba za ka yi nisa ba sai ka ci karo da dutse. Masu haƙa sun sha ajiye diga su tafi, Malam yana bin su gida yana lallashi. Da Allah ya ba da ruwa, bai yarda ya zama namu mu kaɗai ba. Ya sa aka fasa katanga ta wajen lungu aka yi 'yar ƙofa, aka kewaye rijiyar, yadda maƙwabta za su shigo su ɗiba ba sai sun ratsa cikin gida ba. Ya ce shi ba shi da abin gina masallaci, wannan ce sadakarsa mai gudana. A ciwonsa na ajali bai damu da maganar gona ko gida ba kamar yadda ya yi ta nanata mini cewa kada a kuskura a rufe wannan ƙofa. Lungunmu kaf daga nan ake sha, kuma babu wanda ya taɓa kuka da ruwan.

Bayan rasuwarsa, da gwiwoyina suka fara gardama, 'ya'yana maza suka gina mini masai na zamani, aka yi masa sokawe a bayan ɗaki. Ga wanda bai sani ba, rami ne mai ɗaki biyu da ake ginawa da bulo a rufe da siminti. Ƙazanta takan zauna a na farko ta ruɓe, ruwanta ya bi bututu ya wuce na biyu, ƙasa ta tsotse a hankali. Namu bai yi zurfi ba, saboda dutsen nan dai. Amma ya yi shekaru yana aikinsa shiru, ba wari, ba ambaliya, mu kuma ba ma jefa masa komai sai abin da aka yi shi dominsa.

Na biyu, yadda kayanku suka shigo gidana.

Autata Maryama tana aure a Sara, ta ƙasar Gwaram. Mijinta Ɗanlami direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Gwaram da Kano. Da cikinta na fari ya tsufa, a farkon daminar da ta wuce, ta dawo gabana kamar yadda aka saba. Ta haifi namiji, aka mayar masa da sunan Malam, muna kiransa Halifa. Ni dai maigida nake ce masa, ko da yake tun da ya zo bai taɓa ba ni na cefane ba, sai dai ya ba ni wanki.

Mu a gidan nan nafkin na ƙyalle muke ɗaura wa yara, a wanke, a shanya, a sake ɗaurawa. To ga damina, rana sai ta ga dama take fitowa, igiya cike da ƙyallayen da suka ƙi bushewa, ga ni ni kaɗai da mai jego. Ana haka Ɗanlami ya sauke mana katan guda na kayanku daga Kano. Ya tsuguna a bakin ƙofa yana murna ya ce, “Inna, ga sauƙi ya zo. A shimfiɗa wannan a cikin nafkin, in yaro ya yi kashi a ɗauke ta a jefa a masai. Masu tallan sun ce narkewa take kamar sukari a shayi.” Na duba ledar, na ga hoton hannu yana sakin takardar a bakin masai, ga kuma kalmar Turanci da ke nufin haka da manyan baƙaƙe. Na sa wa yaron nan albarka, domin da zuciya ɗaya ya kawo.

Ranka ya daɗe, wataƙila a inda aka ƙera kayan nan ba a san halinmu ba, bari in gaya maka. Mu ba ma jefa ƙazantar jariri a juji. Kare zai ja, kaza ta tona, sannan ga tsoron mugun mutum, wanda ko ka yarda ko ba ka yarda ba, babu uwar da za ta yi gwaji da ɗanta. Ba ma kuma ƙonawa, domin tsofaffinmu sun ce in wuta ta taɓa kashin jinjiri jikinsa zai feso da ƙuraje. Ni da na koyar da kiwon lafiya a aji nakan yi wa wannan magana dariya, amma ko ni ban taɓa ƙona na 'ya'yana ba. Wuri ɗaya ne tak hankalin uwa yake kwanciya da shi, wato masai. Saboda haka duk wanda ya ce wa matan ƙasar nan ga abin da za a jefa a masai ya ɓace, ya sosa musu inda yake yi musu ƙaiƙayi, kuma ba za su tsaya tambaya ba. Mu ma ba mu tsaya ba. Jariri kuwa ka san ba ya gajiya da aikinsa. Tun daga suna har bayan arba'in, duk takardar da aka cire daga jikin Halifa masai ta tafi, aka bi ta da ruwan bokiti.

Na uku, abin da ya biyo baya.

Da farko masan ya fara jan ruwa a hankali, yana wani gurnani in an zuba. Na ce ƙila damina ce ta cika ƙasa. Mai jego tana wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa, babbar tukunya guda kowane lokaci, kuma magudanar banɗakin a cikin sokawen nan take zubewa, don haka ban yi mamakin ya yi nauyi ba. Sai kuma na lura gindin katangar bayan ɗaki ba ya bushewa ko an kwana biyu ba a yi ruwa ba, ciyawar wurin ta yi wani irin kore shar fiye da ta ko'ina a gidan.

Da marka ta kankama, ruwan rijiya ya sauya. Ba wari sosai ba, wani ɗan bashi ne da sai ka kai moɗa bakinka za ka ji. Matan lungu suka ce ƙadangare ne ko ɓera ya faɗa. Aka yi abin da aka saba yi in mushe ya faɗa rijiya: samari suka taru suka yi ta jan guga suna zubarwa har aka ce ya isa, aka ci gaba da sha. Ba a ga ƙadangare ba, ba a ga ɓera ba. An ce ruwa ba ya tsami banza, kuma duk mun san karin maganar, amma babu wanda hankalinsa ya kai bayan ɗakina.

A bayan gidanmu akwai su Inna Dije. Makiyaya ne da suka taso daga wajen Wurno suka zauna tun Malam yana da rai, kuma tsakanina da ita ya wuce maƙwabtaka. Ita ke kawo mini nono, ni ke karanta mata takardar asibiti. Tana riƙon jikarta Nana, yarinya 'yar shekara huɗu ko kusa da haka, mai surutu kamar aku, wadda ba ta barin kakarta ta zo rijiya ita kaɗai, sai ta biyo ta da ɗan galan ɗinta. Wata ranar Laraba da hantsi Nana ta fara amai da gudawa. Kafin la'asar idanunta sun faɗa, bakinta ya bushe, in ka ja fatar cikinta sai ta tsaya a yadda ka ja ta. Ruwan gishiri da sukari da na haɗa mata, yadda ya shiga haka yake dawowa. A kan babur muka kai ta asibiti, ni ce na rungume ta a baya, kanta yana lilo a kafaɗata. Na tsaya ina kallo ma'aikaciyar jinya tana laluben jijiya a hannunta ba ta samu ba, ta koma ɗayan, ta koma ƙafa. Yarinyar da kullum sai an roƙe ta kafin ta yi shiru, ran nan ko kukan allura ba ta iya yi ba.

Allah ya yi da sauran kwananta. Ta tashi, amma har yau ba ta koma Nanar da na sani ba. Wuyanta kamar zai karye, kuma ba ta son wasa. A makon da ta kwanta wasu yara biyu a lungun suka kwanta da irin ciwon, nasu bai kai nata ba.

A nan zan faɗi gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Ni ba likita ba ce, ba zan ɗauki Alƙur'ani in rantse cewa ruwan rijiyata ne kaɗai ya kwantar da yaran nan ba. Amma duba-gari ya zo, ya ɗebi ruwan a kwalba ya tafi da shi, ya dawo ya ce akwai ƙazantar ɗan Adam a ciki, kada a ƙara sha. Kuma ga abin da yake cin raina: a gidana babu wanda ya yi ko ciwon ciki. Saboda jego, kullum wuta tana ci, ruwan da muke sha da na kunu da na wanka duk tafasasshe ne. Ƙazantar daga gidana ta fita, mutanen gidana suka tsira, 'ya'yan maƙwabta da ke sha kai tsaye daga randa suka kwasa.

Na huɗu, abin da aka ciro daga ramin.

Da aka ɗaga murfin sokawen, ɗakin farko ya cika maƙil har baki. Motar kwasar masai da aka kira ta sa tiyo, ya ja kaɗan ya shaƙe, aka fitar aka sake sawa, ya sake shaƙewa. Sai da aka samo ƙarfe mai ƙugiya aka yi ta zaƙulowa. Ranka ya daɗe, takardunku ne. Sun murɗe da juna sun zama kamar igiyar ɗaure shanu, sun toshe bututun da ke kai ruwa ɗaki na biyu, ko ɗigo ba ya wucewa. Da ruwan ya rasa hanya, ga nauyin damina, sai ya tsaga bangon ramin ta gefe, ya bi ta kan dutsen da ke ƙarƙashin gidan ya gangara. Ƙarshen gangaren kuwa rijiyar Malam ce. Na toshe hanci na matsa kusa na duba da idona. Wasu daga cikin takardun har 'yan furannin da kuka zana a jikinsu suna nan raɗau, bayan sun yi wata da watanni a cikin ƙazanta.

Don kada in zalunce ku, na ɗauki sabuwa fil daga ragowar katan ɗin na sa a kwalba, na cika da ruwa na rufe. Kullum in na idar da sallar walaha sai in girgiza ta. Damina ta wuce, aka yi girbi, sanyi ya zo ya tafi, ga mu a tsakiyar bazara. Takardar tana nan, ta yi laushi dai, amma in ka ja ta sai ta miƙe ba ta yage ba. In wannan ne sukarinku, Allah ya raba mu da shayin gidanku.

Na biyar, amsar da aka ba mu.

Ɗanlami ya kasa haɗa ido da ni, ya rame kamar shi ne ya yi jinyar. Ya ɗauki leda ɗaya ya koma inda ya saro kayan a Kano. Abin da aka ce masa shi ne, ai wannan takarda an yi ta ne don gidajen da masansu yake haɗe da babbar magudanar gari, inda ruwan famfo ke kora komai ya tafi can nesa a sarrafa shi, ba don masu rami a cikin gida ba. Aka ce laifinmu ne da ba mu tambaya ba.

To ni ma ga tambayata. Daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, ka bi ta Sara ka dangana da Fagam, a nuna mini gida ɗaya tak da masansa yake haɗe da babbar magudanar gari. Babu ita, ba mu taɓa ganinta ba. Mai hali sokawe gare shi, marar hali salga, kuma dukkansu a cikin gida suke, taku kaɗan daga inda ake jan ruwa. Ba mu da famfon da ke kwarara, da bokiti muke kora masai, wani ma da buta. Idan kun san kayan ba na irin gidajenmu ba ne, me ya kawo su kasuwanninmu? Wa ya sa masu talla suke yawo da lasifika suna cewa da Hausa a jefa a masai, amma gargaɗin, in ma akwai shi, aka bar shi a bakin mai shago a Kano sai wanda rijiyarsa ta lalace ya je ya ji?

Na shida, halin da nake ciki yanzu.

An gyara bangon sokawen. An yashe rijiyar har ƙasa, an zuba magani, muka jira. Bayan kaka duba-gari ya sake ɗiba, ya ce har yanzu da saura, domin ƙasar da ke tsakanin ramin da rijiyar ta riga ta sha, kuma ba wanda zai iya cewa ga ranar da za ta tsarkaka. Ya ce a rufe. Da hannuna na sayo kwaɗo na datse ƙofar da Malam ya ce kada a rufe. Ran nan ban iya cin abinci ba.

Matsalar ita ce mutanen lungu ba su yarda rijiyar tana da laifi ba. Tun muna asibiti, ina kuka a bakin gadon Nana, Inna Dije ta dafa ni ta ce, “Haba Malama, ki daina ɗora wa kanki. Ruwan sadaka ai ba ya cuta. Wannan daga Allah ne.” Ta faɗa ne don ta sanyaya mini rai, amma ba ta taɓa faɗin maganar da ta tsorata ni kamar wannan ba, domin haka kowa ya ɗauka. Suna ganin rijiyar bawan Allah ce, albarkarsa ta fi ƙarfin duk wata ƙazanta. Ruwan kuma yanzu ya kwanta, garau yake, ba wari ba launi. Yaya za ka shawo kan mutum ya ji tsoron abin da idonsa ke gaya masa lafiya lau ne?

Lokacin sanyi an daure, domin tuƙa-tuƙan unguwa yana ba da ruwa. Yanzu zafi ya zo, tuƙa-tuƙan sai an yi ta bugu kafin ya tsiyayo, layi tun daga bakinsa har titi, 'yan garuwa kuma sun fi ƙarfin talaka. Kullum sai an ƙwanƙwasa mini ƙofa. Wata ta ce, “Malama, ko na wanki ne ki taimaka.” Wata ta ce na dabbobi ne. Ni kuwa na raini yara, na san ruwan da aka kai gida don wanki, in aka ajiye shi a tsakar gida da rana tsaka, ƙarshensa bakin yaro ne. Sai in hana, su juya suna ƙunƙuni. Na ji an ce tun da Malam ya rasu na zama marowaciya, har ruwa nake wa kwaɗo. Na haɗiye, domin gara a zage ni da a yi mini ta'aziyyar ɗan wani.

Tsorona bai tsaya a lungunmu ba. Maryama ta koma Sara da Halifa, ta ce mini a gidan suna biyu da ta je an ba mai jego kayanku a cikin kayan barka, ana yabawa. Ta yi musu bayani, wata ta ce ai nasu ramin babba ne. Ɗanlami ya ce yana ganin katan-katan ɗinku a bayan motocin da ke shiga ƙauyukan Gwaram ranar kasuwa. Ga gajimare ya fara haɗuwa ta gabas. Duk gidan da aka yi haihuwa a ranin nan aka yi ta jefa takardarku a sokawe, ramin yana nan yana cika shiru, yana jiran ruwan sama. Masu gidan ba su sani ba, kamar yadda ni ma ban sani ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ka sa a cire hoton hannun nan da ke sakin takarda a masai daga kan ledar da ake kawowa ƙasarmu. A rubuta ɓaro-ɓaro da Hausa, da boko da ajami, cewa ba a jefa ta a sokawe ko kusa da rijiya. Yawancin matan da ke amfani da ita ba ledar suke karantawa ba, kunne suke bi, don haka yadda kuka ɗauki lasifika kuka ce a jefa, haka za ku ɗauki lasifika da rediyo ku ce a daina. Bakin da ya ɗaura shi zai kwance.

Ka dakatar da masu tallanku har sai an yi wannan gyara. Ka kuma turo mutum, ba ɗan aike da zai tsaya a bakin titi ba, wanda zai shigo ya ga ramin, ya ga rijiyar, ya ga Nana. Gani ya kori ji.

Ni ba diyya nake nema ba. 'Ya'yana sun ɗauki nauyin gyara, kuma abin da na rasa ba a sayar da shi a kasuwa. In zuciyarka ta motsa kana son yin wani abu, mutanen lungun nan ruwa suke buƙata, a haƙa musu burtsatse nesa da ramukan masai.

Ku kuma 'yan'uwana mata da za a karanta muku wannan, don Allah in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wadda ta riga ta saya, ta kakkaɓe kashin a masai, takardar kuma a haƙa rami can nesa da rijiya a binne. Wadda ba ta saya ba, ƙyallen da iyayenmu suka raine mu da shi bai kashe kowa ba.

Da a nan na yi niyyar tsayawa, domin tun shekaranjiya na rubuta abin da ke sama. Amma yau da safe, da na zagaya in ba kaji tsaba, na tarar an ɓalle kwaɗon ƙofar rijiya. Murfin yana gefe, guga a jiƙe, ƙasa duk sawun ƙafa da shatin gindin bokiti, ba na mutum ɗaya ba. Akwai sawu ƙanana a ciki.

Na yafa mayafi na bi lungun gida-gida. Ban yi faɗa ba, wallahi roƙo na yi. Na ce duk wanda ya ɗiba na yafe masa duniya da lahira, ya zubar kawai, ko ya tafasa, ko ya nuna mini randar in zubar da kaina in saya masa wani. Kowa ya sunkuyar da kai ya ce ba shi ba ne. Na san su, ba maƙaryata ba ne, kunya ce ta hana su cewa sun fasa ƙofar gidan Malam. Na shiga gidan Inna Dije, ta yi mini shimfiɗa, ta yi ta jan hira a kan tsadar dusa, ba ta yarda mun haɗa ido ba. Nana tana zaune a gindin randa da moɗa a hannu. Na karɓe moɗar na zubar, na tambayi Inna Dije ruwan ina ne, ta ce na tuƙa-tuƙa ne. Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa mini.

Da na dawo gida na kira 'ya'yana maza a waya. Kwaɗo ba zai tsare mai ƙishirwa ba, wani zan sa wani za a ɓalle. Na ce su turo motar ƙasa da duwatsu, gobe in Allah ya kai mu za a cike rijiyar. Babbansu ya ce, “Inna, wasiyyar Baba fa?” Na ce masa ni zan amsa wannan a gaban Allah, kuma na san Malam, da yana raye da kansa zai fara zuba kwandon farko. Na faɗa da ƙarfin hali, na ajiye wayar.

Cike rijiyar zai tsare na gobe. Wanda aka ɗiba yau kuwa yana cikin randunan da ban sani ba, kuma a zafin nan ba za a kai magariba ba a sha ba. Na haɗa gishiri da sukari na ajiye a bakin ƙofa, na gaya wa mai babur ɗin lungunmu kada ya yi nisa. Ina zaune a zaure ina ƙarasa wannan takarda, duk yaron da ya yi kuka a lungu sai in ajiye biro in saurara in ji daga wane gida ne.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka arziki na halal, ya tsare maka zuriyarka, ya sa ruwan da jikokinka za su sha ya zama mai tsarki. Allah ya ba ka zuciyar gyara tun kafin ruwan sama ya sauka. Allah kuma kada ya nuna maka ranar da za ka zauna a ƙofar gidanka kana jiran jin ɗan wane ne zai fara amai.

Wassalam.

Taka a Musulunci,
Malama Hansatu,
Birnin Kudu.